Su Wa Ake Nufi da Amurkawa? Tarihin Digirin Digirgir a Nazarin Al'adun Amurka

A cikin fannonin da jami'o'in Amurka ke ba da digirin digirgir a kansu akwai wanda ba kasafai muke jin labarinsa ba a wannan yanki namu. Mun saba jin an ce wane ya tafi Amurka ya karanto likitanci, ko injiniyanci, ko tattalin arziki. Amma akwai ɗaliban da Amurkar kanta suke karantawa: adabinta, waƙoƙinta, finafinanta, addinanta, dokokinta, da irin labaran da mutanenta ke ba wa kansu game da asalinsu. Wasu jami'o'in suna kiran fannin nazarin Amurka, wasu kuma nazarin al'adun Amurka. Bai cika shekara 100 da samun suna ba, amma duk wanda ya bi tarihinsa zai tarar tambaya ɗaya ce ake ta kai-komo a kanta tun ranar farko: idan aka ce Amurkawa, su wa ake nufi, su wa kuma aka tsallake? Mu da muke zaune a ƙasashen da maƙwabta suka fi mu yawa, mun san nauyin irin wannan tambaya.

Yadda ake samun digirin

Bari mu fara da hanyar da ɗalibi ke bi, domin a san wahalar da ke bayan takardar. Galibi yakan share shekara biyu zuwa uku yana zaman aji, ana haɗa masa darussan tarihi da adabi da nazarin zamantakewa. Jami'o'i da dama sukan nemi ya nuna yana iya karatu da wani harshe ban da Ingilishi. Daga nan sai babbar jarrabawa: a ba shi jerin littattafai masu tarin yawa ya karance, sannan malamai su titsiye shi a rubuce da kuma baki da baki. In ya tsallake, sai ya gabatar da tsarin binciken da yake son yi, kwamitin malamai uku zuwa biyar su amince ko su mayar da shi. Bayan haka sai aikin kundi, wato shekaru na tonon tsofaffin takardu, ko hira da mutane, ko sauraren faya-fayai, ana rubutu ana gogewa. A ƙarshe ya zauna gaban kwamitin ya kare abin da ya rubuta. Duka-duka abin kan ci shekara biyar zuwa bakwai, wani lokaci fiye, kuma ɗalibai da yawa da ɗan alawus ɗin koyar da 'yan digirin farko suke riƙe kansu.

Wanda ya san karatun zaure zai ga kama da ijaza, domin a nan ma malami ne ke shaidar almajirinsa, kuma ana bin salsalar wa ya karantar da wa. Bambancin shi ne, ijaza shaida ce ta cewa mutum ya karɓi ilimi yadda yake kuma zai iya isar da shi, shi kuwa digirgir sharaɗinsa mutum ya zo da abin da ba a sani ba kafin shi. Ta wannan sharaɗi ne waɗanda aka tsallake suka samu ƙofar shiga, kamar yadda za mu gani.

Kafin fannin ya samu suna

Daga Jamus Amurkawa suka aro tsarin digirgir. Jami'ar Yale ce ta fara ba da shi a 1861, ga mutum uku. A wancan zamani abin da malamai ke ɗauka ilimi mai daraja shi ne Latin da Girkanci da adabin Ingila. Adabin Amurka kuwa kallon ɗan ƙauye ake yi masa, bai isa a ɓata shekaru a kansa ba.

Cikin waɗanda suka fara ɗaukar Amurka a matsayin abin bincike mai zurfi akwai W. E. B. Du Bois, baƙar fata haifaffen jihar Massachusetts a 1868. Ya yi karatu a Jami'ar Fisk, ya wuce Harvard, sannan ya yi shekara biyu a Balin daga 1892. Kuɗin tallafinsa suka ƙare kafin ya cika wa'adin da Jamusawa suka gindaya, sai ya dawo gida ya karɓi digirgir a Harvard a 1895, shi ne baƙar fata na farko da ya samu haka a can. Kundinsa a kan fataucin bayi ne daga Afirka zuwa Amurka tsakanin 1638 da 1870. Ya bi dokoki da takardun majalisa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yadda kundin tsarin mulkin 1787 ya ba fataucin wa'adin shekara ashirin, da yadda aka haramta shigo da bayi daga 1808 amma aka yi ta sakaci wajen aiwatar da haramcin saboda ribar da ke ciki. Harvard ta buga aikin a 1896 a matsayin littafi na farko a jerin littattafanta na tarihi. Duk da haka babu wata jami'ar farar fata da ta ba shi kujerar farfesa. A makarantun baƙar fata ya koyar, Wilberforce da Atlanta.

Na biyunsa a Harvard shi ne Carter G. Woodson, ɗan iyayen da suka yi bauta, wanda ya yi aikin haƙar kwal kafin ya shiga sakandare yana kusan shekara ashirin. Ya samu digirgir a 1912. Da ya ga mujallun masana ba su damu da tarihin mutanensa ba, sai ya kafa ƙungiya a 1915, ya fara buga mujalla a 1916, ya kuma ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata a 1926. Ke nan tun kafin a buɗe sashe da sunan nazarin Amurka, akwai masu yin aikin a gefe, ba a kirga su.

Harvard, 1937

A 1937 Harvard ta buɗe shirin digirgir a tarihin wayewar Amurka, inda aka yarda ɗalibi ya haɗa tarihi da adabi a kundi ɗaya. Wanda ya fara kammalawa shi ne Henry Nash Smith, mutumin Texas, a 1940. Daga bincikensa littafin Virgin Land ya fito a 1950, ma'anar sunan kuwa ita ce ƙasar da fartanya ba ta taɓa sara ba. Smith ya yi abin da ba a saba ba. Ya ɗauki ƙananan littattafan labaran jarumai masu arha da talakawa ke saye, ya ajiye su gefe ɗaya da jawaban 'yan siyasa da dokar 1862 da ta ba kowane manomi eka 160 a yammacin ƙasar. Ya nuna cewa hoton da Amurkawa ke da shi a zuci, na wata shimfiɗaɗɗiyar gona da ke jiran mai nomanta, ya yi tasiri a kan dokokinsu ko da hoton bai dace da zahiri ba. Leo Marx, wanda shi ma a Harvard ya yi nasa digirgir, ya bi wannan hanya a littafinsa na 1964, inda ya duba yadda usur ɗin jirgin ƙasa ke katse shirun karkara a rubuce-rubucen Amurkawa.

Dabara ce mai kyau, kuma har yau ana amfani da ita: a ɗauki labarin da al'umma ke ba wa kanta a matsayin hujjar tarihi. Sai dai akwai giɓi. Ƙasar da aka kira budurwa tana da masu ita. Dokar 1830 ce ta share hanyar korar ƙabilun asali daga gabashin kogin Misisipi, kuma dubban 'yan ƙabilar Cherokee sun mutu a hanya bayan an tashe su a 1838. Littafin ya yi nazarin mafarkin manomi sosai, amma bai tsaya a kan wanda aka kora ba.

Malaman shirin su ma haka. F. O. Matthiessen ya wallafa wani babban littafi a 1941 a kan shekarun 1850 zuwa 1855, waɗanda ya ɗauka lokacin da adabin Amurka ya nuna. Marubuta biyar ya zaɓa: Emerson, Thoreau, Hawthorne, Melville da Whitman, dukansu maza farar fata daga arewa maso gabashin ƙasar. Alhali a cikin waɗannan shekaru ne Harriet Beecher Stowe ta fitar da labarinta na bauta da ya girgiza ƙasar a 1852, kuma Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya fitar da tarihin rayuwarsa na biyu a 1855.

Labarin Perry Miller ya fi duka ban mamaki. Shi ne babban masanin tunanin Furitan, wato Kiristocin Ingila masu tsananin riƙo da addini da suka yi ƙaura zuwa Massachusetts a 1630. A gabatarwar wani littafinsa na 1956 ya ba da labarin inda niyyar aikinsa ta zo masa. Yana saurayi a shekarun 1920 ya yi aikin jirgin ruwa, kuma a Matadi, bakin kogin Kwango, yana lura da sauke gangunan man Amurka, ya ji cewa aikinsa a duniya shi ne bayyana ma'anar Amurka. Da ya zo farawa sai ya tsallake Bajiniya, inda Turawan Ingila suka riga zama tun 1607, ya fara da Furitan, domin a ganinsa su ne ke da tunani mai tsari. A Bajiniya kuwa aka sauke 'yan Afirka kimanin ashirin a 1619. Mutum yana tsaye a ƙasar Afirka ya ƙudurta rubuta tarihin Amurka, sannan ya zaɓi mafarin da babu ɗan Afirka a cikinsa.

Kuɗin yaƙin cacar baka

Bayan yaƙin duniya na biyu fannin ya bunƙasa da sauri, kuma siyasa na da hannu a ciki. Amurka na gasa da Tarayyar Sobiyat, tana son duniya ta san ba makamai da motoci kawai take da su ba. An kafa tallafin Fulbright a 1946. A 1947 wasu ɗaliban Harvard suka fara taron koyar da nazarin Amurka a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, domin matasan Turai da yaƙi ya ɗaiɗaita. Mujallar fannin ta fara fitowa a 1949 daga Jami'ar Minnesota, ƙungiyar masanansa kuma aka kafa ta a 1951. A 1950 wani attajiri, William Robertson Coe, ya ba Yale dala 500,000 domin nazarin Amurka, da nufin a yaƙi aƙidar kwaminisanci, kuma cikin jagororin shirin na Yale akwai Norman Holmes Pearson, wanda ya yi aikin leƙen asiri lokacin yaƙi.

Ba duka malaman ne 'yan amshin shatan gwamnati ba. Matthiessen kansa mai ra'ayin gurguzu ne, kuma ya sha zargi a kan haka kafin rasuwarsa a 1950. Amma iskar lokacin ta fi kaɗawa wajen nuna Amurka a matsayin al'umma ɗaya mai hali ɗaya. A daidai waɗannan shekaru gwamnati ta gurfanar da Du Bois a kotu a 1951 saboda aikinsa a wata ƙungiyar neman zaman lafiya. Kotu ta sallame shi, amma aka hana shi fasfo har 1958, abin da ya sa bai halarci bikin 'yancin Gana a 1957 ba.

Lokacin da waɗanda aka tsallake suka shigo

Shekarun 1960 suka zo da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, da yaƙin Biyetnam, da yunƙurin mata. 'Ya'yan talakawa da na tsiraru suka fara cika jami'o'i, suka duba manhaja ba su ga iyayensu ba. A Nuwamban 1968 ɗaliban kwalejin jiha da ke San Francisco suka shiga yajin karatu wanda bai ƙare ba sai Maris na 1969. Sakamakonsa aka buɗe sashen nazarin baƙar fata da tsangayar nazarin ƙabilu. Amma zanga-zanga ƙofa kawai take buɗewa. Abin da ya canja fannin shi ne kundaye da littattafan da suka biyo baya, masu ɗauke da hujjar da kwamitin malamai ba zai iya turewa ba.

Richard Slotkin ya nuna a 1973 cewa zubar da jini ne ke tsakiyar tatsuniyar mamaye yammacin ƙasar. Annette Kolodny ta tambaya a 1975 me ya sa maza marubuta ke siffanta ƙasa da mace da za a mallaka, da abin da hakan ya haifar. A Jami'ar Bowling Green ta jihar Ohio, Ray Browne ya dage cewa abin da talaka ke kallo da saurare, daga talabijin zuwa tallace-tallace, ya cancanci nazari. Ya fara mujalla a kan haka a 1967, kuma jami'ar na cikin masu ba da digirgir da sunan nazarin al'adun Amurka. A 1988 Jami'ar Temple da ke Philadelphia ta buɗe shirin digirgir na farko a nazarin baƙar fatan Amurka, ƙarƙashin Molefi Asante. Smith da kansa, a wata maƙala da ta fito a 1986, ya yarda cewa tatsuniyar da ya zo nazari ta ɗan rufe masa ido.

A 1993 Amy Kaplan ta koma kan labarin Miller a Matadi, ta nuna abubuwan da ke gabansa bai gani ba: Afirka, bauta, da yadda ƙarfin Amurka ke miƙa hannu ƙetare. A 1997 shugabar ƙungiyar masanan fannin, Mary Helen Washington, ta tambayi taronsu me zai faru in aka sa nazarin baƙar fata a tsakiyar fannin maimakon a gefe. Shekara ɗaya bayan haka Janice Radway, wadda ta gaje ta, ta ɗora tambaya a kan sunan fannin kansa, tunda Amurka suna ne na nahiyoyi biyu kafin ƙasa ɗaya ta riƙe shi.

Abin da aka tono

Da tambayar ta faɗaɗa, sai tsofaffin ayyukan da aka yi watsi da su suka samu masu karatu. Lorenzo Dow Turner, baƙar fata da ya yi digirgir a Shikago a 1926, ya share shekaru yana ɗaukar muryoyin mutanen Gullah a tsibiran gaɓar Carolina ta Kudu da Jojiya. Masanan da suka gabace shi sun ce maganarsu gurɓataccen Ingilishi ne kawai. A littafinsa na 1949 ya jera sunaye da kalmomi kusan 4,000 masu tushe a harsunan Afirka, kuma Hausa na cikin harsunan da ya lissafa.

Aka kuma waiwayi bayin da suka iso Amurka da iliminsu. Umar ɗan Sa'id, mutumin Futa Toro da aka sauke a Charleston a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya kuma rasu yana cikin bauta. Yau rubutun nasa yana babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa ta Borno wanda aka fi sani da Nicholas Said, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha kafin ya isa Amurka, ya shiga rundunar baƙar fata ta Massachusetts a yaƙin basasa a 1863, ya wallafa labarinsa a 1873.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Jugu, a arewacin Benin ta yau, garin da ke kan hanyar fataken goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, hanyar da zangunanmu da yawa suka tsiro a kanta. Shi da bakinsa ya ce mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. An sayar da shi zuwa Birazil, kuma a 1847 jirgin ubangidansa ya kai kofi New York, inda ya tsere da taimakon masu yaƙi da bauta. Ya zauna a Haiti a hannun masu wa'azin Kirista, ya dawo ya yi karatu a wata kwaleji a jihar New York, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. Mu lura da shekarar. Tana cikin shekaru biyar ɗin nan da Matthiessen ya kira lokacin nunar adabin Amurka. Jikan Katsinawa yana cikin marubutan wannan zamani, amma sai da Allan Austin ya tattara labaran Musulmin Afirka a Amurka a 1984, sannan Robin Law da Paul Lovejoy suka sake buga littafin da sharhi a 2001, kafin ɗalibai su riƙa karanta shi a aji.

Inda aka kwana

Du Bois bai ga wannan sauyi ba. Ya koma Akara a 1961 bisa gayyatar Kwame Nkrumah domin jagorantar aikin babban kundin sanin Afirka, ya zama ɗan ƙasar Gana, ya rasu ran 27 ga Agusta 1963 yana da shekara 95, ana gobe babban gangamin baƙar fata a Washinton. Kabarinsa yana unguwar Cantonments. Yau da wuya ɗalibi ya ci babbar jarrabawar nazarin Amurka bai karanta shi ba.

Rigimar kuwa ba ta ƙare ba. A Janairun 2023 hukumar ilimi ta jihar Florida ta ƙi amincewa da wani darasin nazarin baƙar fata da aka shirya wa manyan ɗaliban sakandare. Kujerun koyarwa na dindindin a fannonin adabi da tarihi sun yi ƙaranci, har masu digirgir da yawa suna koyarwa bisa kwantiragin zango-zango, wasu kuma sun koma gidajen tarihi, ɗakunan karatu da aikin jarida. Duk mai sha'awar wannan hanya ya kamata ya shiga da idonsa a buɗe.

Akwai abu biyu da muke gani a wannan tarihi. Na farko, Amurkawa sun daɗe suna nazarinmu. Douglas Ferguson ya yi digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1973 a kan rubuce-rubucen Hausa na Alhaji Umaru na Karaci. Enid Schildkrout ta wallafa littafi a kan zangon Kumasi a 1978, Deborah Pellow kuma a kan Sabon Zango na Akara a 2002. Wannan ba laifi ba ne, sun adana abubuwan da ƙila da sun salwanta. Amma ƙasar da finafinanta da waƙoƙinta da manhajojinta ke cikin wayar kowane matashinmu, ya dace a samu daga cikinmu waɗanda suka san ta da hujja, ba da jin-ƙai ko jita-jita ba. Ɗanmu mai Hausa da Larabci da ajami, wanda ya san hanyar Jugu da Salaga, zai karanta Baquaqua da Umar ɗan Sa'id ya ga abin da ɗan Boston ba zai gani ba.

Na biyu, babu wanda ya yi wa Du Bois da Woodson da Turner alfarmar sa mutanensu cikin tarihin ƙasa. Sun zauna sun tara takardu, sun ɗauki muryoyi, sun rubuta a tsarin da masana ba za su iya musantawa ba, wasunsu ma ba su ga amfanin aikin da idonsu ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai mai ita ya koyi rera ta a inda ake yanke hukunci. A akwatunan gidajenmu akwai wasiƙun fatake, da takardun ajami, da hotuna, kuma akwai tsofaffin da har yanzu suke tuna wa ya sari zangon da muke ciki da shekarar da aka sare shi. Ɗalibanmu da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai su fara daga nan tun masu labarin suna raye.